Kunne Ba Shi Da Madadi

Na'urar saurare da ake ɗaurawa bisa kai, wadda ke kewaye mutum da sauti ta kowane ɓangare, ta zama abokiyar samari wajen wasan kwamfuta, jin kiɗa da hira da abokai. Amfaninta a fili yake: mai wasa na jin takun abokin gaba daga bayansa, maƙwabta kuma na barci lafiya.

Amma fa zuma ce, ga zaƙi ga harbi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da miliyan 1,000 na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar da ta wuce kima. Ma'aunin da ta fitar a 2019 shi ne desibel 80, awa 40 a mako, ga babba. Ga yaro kuwa desibel 75. In aka ƙara desibel 3 kaɗai, lokacin ya ragu da rabi. Ƙwayoyin ji na cikin kunne kuwa, in sun mutu, ba su sake tsirowa.

Saboda haka wajibi ne uwaye su sa ido. Yaron da aka kira sau uku bai waiwaya ba, a rage masa ƙara, a hutar da kunnensa. Na'ura in ta lalace akwai wata a kasuwa, kunne babu.