Zuwa ga 'yan adaidaita sahu na Kano



Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a farkon 2013, ku ne ƙafafun Kano. Shi ya sa nake so mu yi magana kan fasinjan da aka fi wucewa a bakin titi.

Ku bi ta gaban Asibitin Ƙashi na Dala da hantsi. Za ku ga bawan Allah a keken guragu, ko mai dogara sanda, yana ta ɗaga hannu, sahu na zuwa ya rage gudu, direba ya leƙo, ya ga keke, ya ƙara wuta. Na san abin da ke ranku: ga balas ɗin mai mashin, ga tsadar mai, ga ɓata lokacin naɗe keke. Ban raina wannan ba. Amma wanda ba a tsaya masa ba, dole ya ɗauki shata ya biya ninki, in ba shi da hali ya koma gida. Haka ake rasa ranar ganin likita, haka yaro ke daina zuwa makaranta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kuɗin kaya da ake caja a kan keken guragu. Keken nan ba buhun masara ba ne daga Dawanau. Da shi mutumin yake tafiya, kuma ba mu taɓa jin an caji wani kuɗin ƙafarsa ba.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce direba ya tsaya cak kafin mai nakasa ya hau ko ya sauka, sauran fasinjoji kuma su jira shi ya fara hawa. Ku riƙe wannan.

Kada ku sunkuci mutum ba tambaya, ku ce, “Malam, ta ina zan kama?” Shi ya san jikinsa, ya san inda ke ciwo. Kurma, ku dube shi ido da ido, ku nuna kuɗin da yatsu. Makaho kuwa, ku ƙirga masa canji a tafin hannu kuna faɗin kowace takarda. In za ku sauke shi, ku kai shi gefen da ya nufa, nesa da bakin kwata, ku gaya masa inda ya fuskanta kafin ku ja.