Ra'ayi: Bayan tiyatar huhu, wa zai tayar da majinyacin Arlit daga tabarma?

Tun watan Yunin 2024 da gwamnatin Nijar ta karɓe lasisin Imouraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, kusan duk muhawarar da ake yi kan uranium ta tsaya a kan wa zai haƙa, wa zai saya, nawa ƙasa za ta samu. Ba a cika jin wanda ya tambayi halin ƙirjin mutanen da suka yi aikin haƙar ba. A ganina, duk yarjejeniyar da za a ƙulla kan Imouraren, wajibi ne ta tanadi kula da huhun ma'aikata, har da ɓangaren da aka fi mantawa da shi: farfaɗo da jikin majinyaci bayan an yi masa tiyata.

Somaïr ta fara fitar da uranium a Arlit a 1971. Cominak ta bi baya a 1978, tana haƙa a ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan, har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe ta. Duwatsun uranium suna fitar da wata iska mai suna radon, marar launi, marar wari, wadda ke taruwa a cikin rami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu bayan taba sigari, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haɗa biyun. Cutar kan yi shekaru da yawa kafin ta bayyana. Ke nan wanda ya shiga rami yana saurayi, yanzu ne yake shekarun da ya kamata a sa masa ido. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana wannan kira a Arlit.

Idan aka gano cutar da wuri, tiyata ce babbar mafita. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Likita kan cire kashi ɗaya, wani lokaci huhu guda sukutum. Mutumin Arlit da ke buƙatar irin wannan aiki sai ya yi tafiya mai nisa, domin Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, ta fi kilomita 1,000 daga gidansa. Ya sayar da abin da ya mallaka, a yi aiki, a sallame shi, ya dawo ta hanyar Tahoua da kowa ya san halinta. Daga nan sai me?

Daga nan sai tabarma. Mu a al'adarmu, ƙaunar majinyaci ita ce a hana shi motsi. 'Yan dubiya na shigowa suna cewa “Sannu baba, ka kwanta ka huta”, uwargida na hana shi ko ɗaukar buta. Niyyar kyakkyawa ce, amma doguwar kwanciya tana cutar da wanda aka yi wa aikin huhu. Majina na taruwa a ƙirji ta jawo ciwon haƙarƙari, jini na iya daskarewa a ƙafa, naman cinya na zubewa. Da ya miƙe sai haki, hakin ya tsorata shi ya koma ya kwanta, kwanciyar kuma ta ƙara masa haki. Shi ya sa a asibitocin da suka ƙware ake tayar da majinyaci ya taka tun washegarin tiyata.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2019 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje takwas da aka yi kan mutum 450 da aka cire wa wani ɓangare na huhu. Waɗanda aka ɗora kan motsa jiki mai tsari sun ƙara kusan mita 57 a nisan da suke iya takawa cikin minti shida, idan aka kwatanta da waɗanda ba a ɗora ba, kuma cinyoyinsu sun fi ƙarfi. Mita 57 ba wani abu ba ne ga mai lafiya, amma ga dattijon Akokan yana iya zama bambancin sallar jam'i a masallacin unguwa da sallah a zaune cikin ɗaki. Wani nazarin na Cochrane a 2022 ya nuna motsa jiki kafin tiyata ma na rage matsalolin huhu bayan aiki da kusan rabi.

Huhun da aka cire ba ya tsirowa. Abin da atisaye ke yi shi ne ya ƙarfafa zuciya da tsokar jiki, har su iya aiki da ɗan iskar da ake samu. Kayan aikinsa kuwa ba su da tsada: tafiya a ƙasa da ake ƙara tsawonta kaɗan-kaɗan, da saurin da mutum zai iya magana yana takawa; tashi da zama daga kujera; jan numfashi mai zurfi; tari tare da danne wurin ɗinki da matashi; ɗaga hannu don kada kafaɗar ɓangaren da aka yanka ta sandare. A Arlit, inda zafin bazara ke wuce maki 40, lokacin da ya dace shi ne bayan asuba ko gab da magariba, a kuma rufe hanci da rawani ko takunkumi ranar da ƙura ta taso. Ba a ɗaukar kaya masu nauyi a makonnin farko. Ciwon ƙirji, jiri, zazzaɓi ko tarin jini kuwa alamu ne na a tsaya a nemi likita. Saboda haka ne ake buƙatar ƙwararre ya tsara, ba a bar iyali da lalube ba.

Wani zai ce ai wannan gina ba tushe ne, tunda yawancin masu sankarar huhu sai ta yi nisa ake gano ta, lokacin da tiyata ba ta yiwuwa. Gaskiya ne, kuma gwaji da wuri shi ne kan gaba. Sai dai ɗakin atisayen numfashi ba na masu sankara kaɗai ba ne. Wanda ƙurar dutse ta cinye wa huhu, da wanda ya warke daga tarin fuka amma haki bai bar shi ba, duk suna amfana da irin wannan tsari. Kuma gwajin tafiyar minti shida ba ya buƙatar komai sai baranda mai tsawon mita 30, da agogo, da ɗan na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa.

A ƙarshen 2011 Areva ta kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas, wato OSRA. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Sherpa, wadda aka shirya tsarin da ita, ta janye tana cewa ba a cika alkawari ba. Darasin shi ne kada a bar lafiyar ma'aikaci a hannun alherin kamfani. Yanzu da Somaïr ta koma hannun ƙasa tun Yunin 2025, nauyin ya rataya a wuyan gwamnati.

Abu uku nake ganin za a iya yi. Ma'aikatar lafiya ta tura likitocin gashi zuwa Arlit, su horar da malaman asibiti na Arlit da Akokan kan atisayen numfashi. Duk wanda aka yi wa tiyatar ƙirji a sallame shi da takardar tsarin motsa jiki, a yi wa matarsa ko ɗansa bayani da Hausa ko Tamajeq, a riƙa bibiyarsa ta waya. Sannan duk kamfanin da zai karɓi Imouraren, na ko wace ƙasa ne, a rubuta masa a yarjejeniya cewa zai zuba kuɗi a asusun da zai kula da ma'aikaci daga gwaji har farfaɗowa, ko da bayan an rufe ramin, haɗe da 'yan kwangila da aka saba barinsu a baya.

Imouraren na da nisan kilomita 80 kacal kudu da Arlit. Matasan da za su yi aiki a can 'ya'yan waɗanda suka yi Somaïr da Cominak ne, kuma suna kallon yadda ake yi da iyayensu.