In da zombi za su mamaye Jabo, wari ne zai gama da mu?

 Yau mun zo da tambayar da ba za ta fito a jarrabawar WAEC ko NECO ba, amma a cikin amsarta akwai darasin kimiyya da zai iya ceton rai. Duk wanda ya kalli fim ɗin zombi a waya ya ga yadda tsirarun da suka tsira suke gudu, suna ɓuya, suna neman abinci. Abu ɗaya ne allon waya ba ya iya kawo mana, wato wari. Gari cike da gawarwaki masu ruɓewa, yaya hancin masu rai zai ƙare?

Mu fara da share fage. Zombi almara ce. Kalmar ta yaɗu ne daga ƙasar Haiti, sannan fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead, ya kawo siffar matattu masu tafiya suna farautar mutane. Mu dai mun san mamaci ba ya tashi sai ranar alƙiyama. Amma almara tana da amfani wajen koyo. Ko hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a 2011 ta yi amfani da labarin zombi don ta koya wa jama'a shirin ko-ta-kwana na ambaliya da guguwa. Bari mu ma mu ari wannan dabara.

A ce abin ya faru a watan Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Tambuwal yake haura digiri 40. Daga Jabo zuwa Dogon Daji da Sanyinna, har Kuchi ta ƙasar Kebbe, kowa ya watse. Mu kimanin talatin mun kulle kanmu a cikin makaranta. Kafin a zo ga su zombin, akwai awaki da tumaki da aka bari ɗaure a turke, akwai naman da mahauta suka gudu suka bari, akwai albasa a rumbu, ga masai da ba mai kula da shi. Cikin kwana biyu zuwa uku garin zai ɗauka.

Me ke kawo wannan ɗoyi? Da zarar rai ya fita, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin hanji sukan fara cin jikin daga ciki, kuma zafi yana ƙara musu sauri. Suna cikin aikin ne suke fitar da sinadarai masu wari. Biyu daga ciki, futuresin da kadaberin, wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Brieger ne ya bayyana su a 1885. Akwai kuma amoniya, mai zarni irin na tsohon fitsari, da iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ku riƙe sunan wannan ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Kwanakin farko za su yi mana wuya. Za a yi ta tashin zuciya da amai, kai zai yi ciwo, barci zai gagara, tuwo ma ba zai wuce maƙogwaro ba. Wanda yake amai a zafin Afrilu kuma ba ya shan ruwa sosai, jikinsa zai bushe, ƙarfinsa ya ragu, ga shi yana bukatar ƙarfin gudu. Akwai kuma ɓangaren zuciya. Saƙon hanci yana isa da sauri ga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da tunawa. Shi ya sa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko yake mayar da mu ƙuruciya, kuma shi ya sa wasu ma'aikatan agaji suke shekaru ba su manta warin wurin da suka yi aiki ba.

Sai dai Allah ya yi hanci da saurin sabo. Ɗan Adam yana da nau'in masu karɓar wari kusan 400 a cikin hanci, kuma binciken yadda suke aiki ne ya sa Linda Buck da Richard Axel suka sami kyautar Nobel a 2004. Idan wari ɗaya ya daɗe yana bugunsu, sai su rage aika saƙo, ƙwaƙwalwa ma ta daina kula. Ku duba majema a Sakkwato, ko mahauci, ko mai bandar kifi. Baƙo yana toshe hanci, su kuwa suna cin abincinsu a wurin. To haka mu ma za mu saba. Ba za mu ji daɗi ba, amma za mu rayu.

To wari ba ya kawo cuta? Shekaru aru-aru likitocin Turai sun yarda yana kawowa. Sunan maleriya ma daga Italiyanci yake, ma'anarsa mugunyar iska, kafin Ronald Ross ya nuna a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta Landan. Kowa ya ɗora laifin a kan wari, sai likita John Snow ya bi gida-gida ya gano cewa mamatan sun sha ruwa daga famfo ɗaya a titin Broad, famfon da mutane ke yabon ruwansa. Bayan shekara huɗu, a bazarar 1858, kogin Tems ya yi ɗoyin da ya kusa korar 'yan majalisa daga zaurensu, amma annobar kwalara ba ta ɓarke a wannan bazarar ba. Tsoron warin ne ya sa aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙazanta, kuma da aka raba bahaya da ruwan sha sai kwalara ta bar Landan.

Haiti ma, ƙasar da ta ba mu kalmar zombi, ta ga wannan darasi. Girgizar ƙasa ta Janairun 2010 ta kashe mutum fiye da 100,000, gawarwaki suka kwana a tituna, amma ba su haifar da annoba ba. Kwalarar da ta zo a watan Oktoba ta biyo kogin Artibonite ne, bayan ƙazanta daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ruwan, kuma ta kashe kusan mutum 10,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa gawarwakin waɗanda bala'i ya kashe ba su cika yaɗa annoba ba, sai fa in cuta irin kwalara ko Ebola ce ta kashe su.

Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Daddawa tana da wari mai ƙarfi, amma muna zuba ta a miya lafiya lau. Ruwan rijiya kuwa zai iya zama garau, ba wari ba launi, alhali yana ɗauke da kwalara. Idan mu talatin ɗin nan muka mayar da hanci alƙalinmu, abubuwa uku ne za su iya gamawa da mu tun zombi bai tsallako katanga ba.

Na farko shi ne ruwa. Wanda ya shinshina ruwa ya ce mai kyau ne bai gwada komai ba.

Na biyu ita ce haidirojin salfaid da muka ce ku riƙe. Hanci yana jin ta tun ba ta kai kashi 1 cikin miliyan na iska ba. Amma idan ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, sai ta kashe jin warin gaba ɗaya. Mutum zai ce warin ya tafi, alhali a lokacin ne haɗarin ya ƙaru. In ta fi haka yawa, shaƙa kaɗan ta isa ta kayar da ƙato. Ta fi iska nauyi, don haka tana kwanciya a ƙasan masai, sokawe da tsohuwar rijiya, wato irin ramukan da mai gudun zombi zai so ya ɓuya a ciki. Takunkumin yadi da turare da man shafawa a hanci suna rage wari ne kawai, ba sa tare ta.

Na uku ita ce iskar kabon monoksaid. Don gudun wari za mu toshe tagogi, mu kunna gawayi ko janareta a ciki. Wannan iska ba ta da wari ko kaɗan, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya yi barcin da ba tashi. Gas ɗin girki ma warin da kuke ji zuba masa aka yi da gangan don a gane in yana yoyo. An ƙarfafa wannan doka ne bayan 1937, lokacin da gas marar wari ya tarwatsa wata makaranta a jihar Texas ta Amurka, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu ɗalibai irinku.

Me masu hankali za su yi? Za su binne mamata da mushe da wuri, kamar yadda addini ya koya mana, nesa da rijiya. Za su haƙa masai aƙalla mita 30 daga inda ake ɗiban ruwa. Za su tafasa ruwan sha, su rufe abinci saboda ƙudaje, don su ne ke kwaso ƙazanta a ƙafa su sauke a kan tuwo. Za su lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, sai a zauna ta inda take fitowa. Za su kuma yi kewar ungulu, mai share mushe kyauta, wadda ta yi ƙaranci a mahautanmu har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Yanzu ku cire zombi daga labarin, ku ga abin da ya rage. Ambaliya tana zuwa da damina, masai ya cika ya malala cikin rijiya. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihar Sakkwato tana cikin inda ta taɓa. Muna jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya kashe a ɗaki. Muna jin na masu yasar rijiya ko kwashe sokawe, ɗaya ya faɗi a ciki, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Idan kuka ga haka, kada ku shiga. Ku yi ihu ku kira manya, a nemi masu kayan aiki. Idan wani ya kamu da amai da gudawa, a haɗa masa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa sha ana hanyar asibiti.

Aikin gida na wannan mako: ku auna da taku tsakanin masai da rijiyar gidanku ko ta makarantarku, ku kuma duba inda ake ajiye janareta da dare. Ku rubuto mana abin da kuka gani, tare da sunayen wari na Hausa da kuka sani bayan ɗoyi, ƙarni, zarni, hamami da ƙauri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.