Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, ya ƙara wa tiyo kulawa

Al'ada ce a garejin manyan motoci mai tirela ya nemi bakanike ya taɓa injekta ko ya sauya tobo, domin motar ta ja kaya fiye da yadda kamfani ya tsara, ta haura Hawan Kibo ba tare da nishi ba. Abin da ba a cika tunawa da shi ba a wannan ciniki shi ne tiyon ruwan lagireto, wanda farashinsa bai taka kara ya karya ba, amma fashewarsa kan kashe inji ɗungurungum.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da man dizal ke haifarwa ta hanyar ruwan sanyaya inji yake fita. Idan an ƙara mai, an ƙara zafi, kuma tsohuwar roba ce za ta ɗauki wannan ƙarin. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin ba 1, wanda ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Da zarar tiyo ya fara yoyo, matsin ya zube, ruwan ya tafasa, kan inji ya lanƙwashe. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni kan haura digiri 40, 'yan mintuna sun isa.

Galibin tiyo ana yin su da robar EPDM, wadda ke jure zafi amma ba ta shiri da mai. Ɗigon baƙin mai kan kumbura ta har ta yi laushi. Tana kuma ruɓewa daga ciki, kusa da bakinta, inda ido ba ya gani. Shi ya sa ake matsa ta da yatsu idan inji ya huce. Wasu na ganin tiyon silikon ya raba gardama. Ya fi jure zafi, gaskiya ne, amma kilif mai sukurori kan yanke shi, ya kuma saki idan ƙarfe ya huce. Abin da ya dace da shi shi ne kilif mai sifirin, wanda riƙonsa ba ya sauyawa.

Idan sabon tiyo ya sake fashewa, a binciki gasket ɗin kan inji, domin iskar ƙonewa na iya kutsawa cikin ruwan ta hauhawar da matsi. Zuba ruwan rijiya zalla kuwa yana cinye bakin ƙarfen da tiyo ke kamawa.

Alhakin duk wannan yana wuyan mai mota, domin shi ke yanke shawarar kashe kuɗi. Ranar da ya biya kuɗin ƙarin ƙarfi, a ranar ya kamata ya biya na sababbin tiyo, kilif, murfi da ruwan sanyaya inji na ainihi. In ba haka ba, direba da yaron mota ne za su kwana a daji suna gadin kaya.