Darasin Iska Daga Murhu Ya Kamata Ya Fara

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Gwarzo da sassafe a watan Janairu ya san hazo. Da an wuce Rimin Gado an shiga ƙasar Kabo, sai ka ga direba ya kunna fitila alhali gari ya waye, rana kuma ta fito fara fat kamar faranti, har mutum ya iya kallonta ido da ido. Idan ka lura da kyau za ka ga wani abu dabam a ƙarƙashin hazon, wato wani shuɗi-shuɗin hayaƙi da ke kwance a kan rufin gidaje, wanda ya taso daga murhun koko da na ɗumame. A idon matafiyi duka biyun hazo ne. A wurin masana kimiyyar iska kuwa abu biyu ne masu asali daban, kuma ra'ayina shi ne malamin da bai iya raba su ba, bai shirya koyar da darasin muhalli ba.

Ƙurar hunturu baƙuwa ce. Mafi yawanta daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin ƙasar Cadi, wanda ake kira Bodele, inda a zamanin da ruwan Tafkin Cadi ya taɓa kwanciya. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta, ta ratso Nijar ta sauke mana. Tun a 1980 wani masani mai suna Grant McTainsh ya buga sakamakon awon da ya yi wa ƙurar da ke sauka a arewacin Nijeriya a mujallar Nature. Wannan ƙura tana da amfaninta, domin tana ɗauke da sinadaran da ke ƙara wa gona ƙarfi. Tana kuma da illa, don tana busar da maƙogwaro da hanci, kuma bincike ya nuna alaƙa tsakanin lokacin ƙura da bushewar iska da ɓarkewar sanƙarau, irin wadda ta yi mummunar ɓarna a Kano a 1996. Sai dai babu wanda zai iya tare iskar hamada. Iyakarmu mu rufe hanci, mu yi allurar rigakafi.

Hayaƙi kuwa namu ne, mu muke hura shi. Masana sun gano cewa mafi haɗarin abin da ke cikinsa shi ne wani ɓurɓushi mai tsananin ƙanƙanta, wanda kaurin silin gashi ya ninka shi kusan sau 30. Gashin hanci ba ya iya tace shi, sai ya zarce can ƙuryar huhu, wani ma ya shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, daga cikinsu akwai yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. To, mai karatu ya shiga madafar kowane gida a Getso ko Garo ya ɗaga kai ya dubi kunkunniyar da ta lulluɓe azara. Abin da ya baƙanta azarar nan shi uwar gida ke shaƙa safe da yamma, ita da goyon da ke bayanta, musamman da damina in itace ya jiƙe, ko in aka koma ga kara da kandilo. Idan yaro ya kamu da ciwon huhu sai a ce sanyi ne ya shige shi, ba a tuna murhu.

Akwai kuma wadda ta fi wannan saurin kisa, wato iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Gawayi da janareta ne ke fitar da ita. Jinin mutum ya fi saurin kama ta fiye da iskar oksijin ninki sama da 200, saboda haka wanda ya shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, yana iya yin barcin da babu farkawa. Abin takaici, tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta mayar da gidaje da dama daga gas zuwa gawayi.

Na taɓa zama a bayan aji ina sauraron wani ɗalibi mai neman sanin makamar koyarwa yana gabatar da darasi kan ɗumamar yanayi a wata firamare ta karkara. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya zana ƙanƙarar ƙarshen duniya tana narkewa, ya yi bayanin cikar teku. Yaran suka yi tsit, amma shirun wanda bai gane ba ne. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, ƙanƙara kuwa sai ta mai sayar da zoɓo, ina zai ajiye wannan bayani? Alhali a daidai lokacin hayaƙin juji da leda da ake ƙonawa a bayan katanga yana shigowa ta taga, yara suna tari.

Ba ina cewa a bar koyar da ɗumamar yanayi ba ne. Gaskiya ce tabbatacciya. Tun 1958 da Charles Keeling ya fara auna iskar kabon dayoksayid a kan dutsen Mauna Loa a Hawai ta Amurka, adadinta ya tashi daga kimanin 315 zuwa sama da 420 a cikin kowane miliyan. Wannan iska, tare da mitan da ke fita daga cikin shanu da fadamun shinkafa, da wata da ke tashi daga takin yuriya in an zuba fiye da kima, su ne ke riƙe zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Wani zai ce ai Afirka gaba ɗaya kimanin kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na kabon ɗin duniya, don haka laifin manyan ƙasashe ne. Haka ne, kuma haƙƙinmu ne mu faɗa musu. Amma hayaƙin da ke shiga huhun jariri a Kabo ba daga Jamus ya zo ba. Hasali ma wutar da ke fitar da kunkunniya ita ce ke fitar da kabon, ita ce kuma ke cinye itatuwan da za su zuƙe shi. Yaron da ya fahimci murhun gidansu ya riga ya kama bakin zaren babban darasin.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin awo. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Darajar aikin Keeling ba a tsadar na'ura take ba, a naci take, kullum a auna a rubuta. Wannan kuwa bai fi ƙarfin malamin firamare ba. A yanka farin kwali gida uku, a shafa wa kowanne man basilin, a rataye ɗaya a madafa, ɗaya a bakin titi kusa da tasha, ɗaya a gindin bishiya a gona. Bayan mako guda a jera su a kan tebur, a bar yara su faɗi abin da suka gani da bakinsu, da Hausarsu. Za su ga na gona ya yi ja-ja, na madafa ya yi baƙi ƙirin, daga nan sun raba ƙura da hayaƙi ba tare da an yi musu hadda ba. Haka kuma a zaɓi abubuwa uku masu nisa daban-daban daga ƙofar aji, alal misali kuka da hasumiyar masallaci da ƙarfen sadarwar waya. Kowace safiya ɗalibi ɗaya ya rubuta waɗanda ake iya hangowa. Da irin wannan hange ne ma'aikatan yanayi a filayen jirgin sama suka daɗe suna kimanta kaurin hazo.

Idan makarantu goma a Gwarzo da Kabo suka riƙe wannan aiki shekara biyar, za a sami bayanin da masu bincike a Jami'ar Bayero za su so su gani, domin tauraron ɗan Adam yana hango ƙura daga sama, amma ba ya leƙa madafa. Abin da ake bukata shi ne kwali da kwalbar basilin da littafin rubutu guda, sai kuma shugaban makaranta da zai tabbatar an miƙa littafin ga malamin da ya gaji ajin.