Gyambon Kwanciya: Juyi Ya Fi Man Shafawa

Makon jiya wani magidanci ya shigo kantinmu neman man shafawa. Mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga miki ya ɓullo mata a ƙugu. Na tambaye shi sau nawa ake juya ta. Ya ce, "Malama, ai ba ma son takura mata."

Wannan tausayin ne ya jawo mikin. Idan mutum ya daɗe kwance ta gefe guda, nauyinsa yakan matse fata tsakanin ƙashi da katifa. Sai ƙananan jijiyoyin jini su toshe, naman wurin ya fara mutuwa cikin 'yan awowi. Mai lafiya yakan juya ko cikin barci, wanda ya shanye kuwa ba ya iyawa.

Don haka a riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana. A ɗaga shi, kada a ja shi kan zanin gado. A sa filo ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya bar katifa. Kullum a duba ƙugu, kwatangwalo da diddige. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, wurin yakan yi duhu, zafi ko tauri. In fata ta buɗe, sai asibiti.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya.