Mai Busa Wa Talaka Kakaki

 Maganar yau a kan wani mabushi ce na ƙasar Amurka, baƙar fata, sunansa Wadada Leo Smith. Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan mutumin Ƙofar Durbi da busar Amurka? To, akwai ruwansa, domin da wuya a sami kunnen da ya fi na Bakatsine shirin jin wannan mutum, ko da shi Bakatsinen bai sani ba.

Abin da yake busawa ƙanen kakaki ne, na tagulla, an naɗe shi don ya gajarce, an yi masa maɓallai uku da yatsu ke dannawa. Irin kiɗan kuwa shi ake kira jaz, wanda jikokin bayi suka ƙago a Amurka. Amma ko cikin masu jaz shi yana gefe guda, cikin waɗanda suka bar turbar da aka saba suka shiga saran sabuwa. Da a kunna faifansa a wani zaure na Ƙofar Durbi, lalle da farko dattawa za su ce abin ya toshe. Ya kan ja murya ɗaya doguwa, siririya kamar zare, sa'an nan ya yi shiru har mai ji ya zaci faifai ya ƙare. Can sai ya fasa wata mai kaushi, ya sāke yin shiru. Babu amshi, babu taken da ƙafa za ta bi.

Amma fa a dakata. Wane abu ne a ƙasar Hausa yake yin haka? Kakakin fada. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara sa a busa masa kakaki, har yau kuwa ana busa wa sarakuna shi ranar Salla da daren Juma'a. Ya fi namiji tsawo, ba shi da rami ko maɓalli, muryarsa biyu ce, wani lokaci gwani ya taɓo ta uku. Da waɗannan kaɗai yake faɗin kirarin sarki, kowa ya gane. Kwarjininsa ba daga yawan murya yake ba, daga tsayawar da yake yi ne tsakanin kira da kira, sa'ad da amon ke dukan soro yana komowa. Wanda ya tashi yana jin wannan a Ƙofar Soro ya riga ya sami rabin karatun.

Shi Smith ya mai da wannan abu ƙa'ida, ya rubuta ta. A wurinsa kowace murya tana da abokiyar tafiya, watau shiru mai tsawo kamar nata, kuma shirun ba hutu ba ne, kiɗa ne shi ma. Gardi ya san irin wannan ta wata ƙofa. Ba a gwada karatu da busa, Allah Ya tsare. Sai dai duk wanda ya yi tilawa gaban alaramma ya san cewa mai tsayawa inda ba a tsayawa ya ɓata ma'ana ko da harafinsa duka daidai ne. Mai saye da sayarwa shi ma ya sani: a wurin ciniki, shirun da attajiri ya yi bayan an taya masa kaya ya fi dogon surutu faɗin abin da ke ransa.

An haife shi cikin Disamba 1941 a Leland, wani ƙaramin gari na jihar Misisifi, ƙasar auduga. Mijin uwarsa makaɗi ne, a gida ya fara ji. Ya yi wasu shekaru yana busa cikin soja, sa'an nan cikin 1967 ya sauka birnin Shikago, ya shiga wata ƙungiya ta makaɗa baƙaƙe da ake kira AACM, wadda Muhal Richard Abrams da abokansa suka kafa cikin 1965. Sharaɗinsu shi ne kowa ya kawo abin da ya tsara da kansa, su shirya wasansu da kansu, su koyar da yara kyauta. Cikin 1969 ya tafi Faris tare da Anthony Braxton da Leroy Jenkins. Da ya komo bai jira kamfanonin faifai ba, ya buɗe nasa mai suna Kabell, ya fitar da faifansa na fari cikin 1972, shi kaɗai ba abokin kiɗa. Fatake za su gane wannan: mutum ne da ya ƙi miƙa kayansa ga dillali don kada a ce masa ya rage nan ya ƙara can. Riba kaɗan ce, amma kayan nasa ne. Daga 1993 ya yi kamar shekara ashirin yana koyarwa a wata makarantar fasaha a Kalifoniya.

Har rubutu ya ƙago. Sunansa Ankhrasmation, an harhaɗa shi daga kalmar tsohuwar Masar mai nufin rai, da ta Habasha mai nufin shugaba, da "ma" ta uwa. Ba layuka biyar na Turawa ba ne. Siffofi ne da launuka, ja da shuɗi da rawaya, makaɗi ya duba ya yi bincike a kan launin kafin ya busa. Wanda ya ga allon zayyana ranar sauka ya ga ɗan'uwansa ta wajen kama. Cikin 2015 aka baje waɗannan takardu a jami'ar Shikago mutane suna kallo kamar zane.

To, ga inda ya rabu da kakakin fada, kuma nan ne nauyin maganar yake. Kakaki na sarki ne. Ba a busa wa attajiri shi komai dukiyarsa, balle manomi. Shi kuwa wannan mutum sai ya ɗauki busa mai irin wannan kwarjini ya yi wa waɗanda ba su da rawani. Babban aikinsa, Ten Freedom Summers, watau bazara goma ta neman 'yanci, ya fito cikin 2012 a faifai huɗu, kashi 19, fiye da awa huɗu. Ya fara shi tun 1977, sai da ya shafe shekara 34 kafin ya kammala. Kowane kashi da wanda aka yi wa, ko abin da aka yi shi a kai. Akwai na Dred Scott, bawan da ya kai ƙara don ya sami 'yanci, babbar kotu ta kore shi cikin 1857. Akwai na Rosa Parks, maɗinkiyar da ta ƙi tashi ta ba Bature wurin zama a mota cikin 1955. Akwai na Fannie Lou Hamer, 'yar ƙodagon gonar auduga wadda aka yi wa dukan tsiya don ta nemi baƙaƙe su jefa ƙuri'a. Akwai kuma na Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, wanda aka kashe a Misisifi cikin Agusta 1955 a kan zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya a kanti, aka jefa gawarsa kogi, aka saki waɗanda suka kashe shi. Shekararsu ta haihuwa ɗaya da Smith, jiharsu ɗaya da inda abin ya faru. Wanda ya san wannan, in ya ji shirun da ke cikin wannan kashi ba zai ce abin ya toshe ba. Cikin 2013 aikin ya shiga ukun ƙarshe na kyautar Pulitzer, amma wata aka ba.

Ba duk abin da ya busa ne ya yi daɗi ba. Wasu faifan da ya yi da garayun lantarki hayaniya ta yi musu yawa, ta rufe abin da ya fi iyawa. Wasu kuma sun yi tsawon da sai mai haƙurin raƙumi.

Game da hukuncin sauraro, malamai sun saɓa tun da, wannan shafi kuwa ba wurin fatawa ba ne. Imam Gazali ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u a kan sauraro, ya halatta da yawa, ya hana abubuwan busa da na tsirkiya waɗanda suka zama alamar mashaya. Wanda ya ƙaurace don tsantseni an yaba masa. Abin da ya kamata a sani shi ne mutumin ya musulunta bayan ya girma, yana sa Ishmael, watau Isma'ila, gaban sunansa. Wani faifansa na 2008 sunansa Tabligh. Wani na 2002 ya ambaci ayarin hunturu da na bazara cikin sunansa, almajiri kuwa ba zai ji haka bai tuna Li'ilafi ba.

Abin tsoro a nan gida shi ne kunne ya mutu. Yaro yanzu ya tashi cikin kiɗan na'ura da lasifikar biki, amo bisa amo ba numfashi, har ya zama in an busa kakaki ba ya jin komai sai cewa sarki ya fito. Kirarin ya wuce shi, tsayawar ta wuce shi. In masu ji suka ƙare, 'ya'yan mabusa ba za su ga dalilin gadon iyayensu ba, ga kuwa wani can bayan teku ya ba da ransa duka ga abin da ake da shi a ƙofar fada kyauta.

Wanda ya yarda ya gwada, ya fara da faifan Divine Love na 1979. A ciki akwai wani kashi mai suna Tastalun, mabusa uku ne kawai ba ganga, an toshe bakin kowane ƙaho don murya ta yi ƙasa: shi, da Kenny Wheeler, da Lester Bowie, wanda ya zauna Ikko cikin 1977 yana busa tare da Fela. A ji shi da dare bayan kasuwa ta tashi, a rage ƙara, kada a yi hira a kai.